Ta Goma Sha Huɗu a Shagon Kawu

Ƙarfe uku da minti ashirin na yammacin wata Asabar abin ya fara. Na san lokacin daidai, domin duba agogo shi ne aikina a shagon Kawu, yayan mahaifiyata. Sana'arsa sayen tsofaffin kwamfutoci daga ofisoshi da kamfanoni, ya gyara su, ya sayar wa masu ƙaramin ƙarfi. Amma kafin ya gyara komai, sai ya goge faifan da ke cikin kowace ɗaya, inda duk takardun ofishin suke ajiye. Ni kuma duk Asabar nakan zo daga jami'a in zauna a benci da dogon littafi, in rubuta lambar kwamfuta, da lokacin da aka fara gogewa, da lokacin da aka gama. In an gama, sai ya manna mata koriyar sitika a goshi. Kore na nufin babu sirrin kowa a ciki, tana iya fita daga shago.

Ranar muna kan guda goma sha takwas da wani ƙaramin asibiti na wajen Mokola, a nan Ibadan, ya sallama bayan sun sayi sababbi. Kawu ya jawo ta goma sha huɗu, ya buɗe murfinta, ya ɗauki waya zai haɗa. Sai wayar ta suɓuce daga hannunsa na dama. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Ya zauna yana kallon hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Ya kai minti biyu a haka. Sannan ya mayar da murfin, ya ɓare koriyar sitika, ya manna, ya ture kwamfutar wajen waɗanda aka gama.

Alƙalamina ya tsaya a kan layin. Ba a goge ta ba, na gani da idona. Amma ban taɓa gyara wa Kawu aiki ba, ban ma taɓa ganin ya yi abin gyara ba. Na ce a raina bari ya sha ruwa tukuna. Na ce bari a yi la'asar. Da aka yi la'asar ya ce, "Sakatariya, tashi ki tafi kafin Mokola ta cushe." Na rufe littafin da layi na goma sha huɗu babu komai a kansa, na tafi da niyyar in faɗa masa Asabar mai zuwa.

Ranar Alhamis ya faɗi a ƙofar masallaci. Ya kwana tara a asibiti bai yi magana ba. A rana ta goma Allah ya karɓi abinsa. Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma.

Ina cikin gida tare da mata a kwanakin zaman makoki, ina kai ruwa da butoci bakin zaure, don haka na ji maganar maza gutsi-gutsi. Tsofaffin 'yan goro, abokan kakanmu, suna cewa mutumin kirki ne, sai dai har ya rasu ba su gane abin da yake yi a shagon nan ba. Wani ya ce shi ya ɗauka har yanzu rediyo yake gyarawa. Makanikan Mokola suka zo da kayan aiki a jikinsu, suka tsaya a bakin rumfa suna ta "Baba wa, Baba wa", wato Babanmu da Yarabanci, suka ƙi zama a tabarma don kada su ɓata ta da baƙin mai. Wani mai yankan tikiti daga tashar Ojoo ya iso da kwamfuta a cikin buhu. Bai ji labarin ba. Ya je shago ya tarar a rufe, aka nuna masa gida. Da ya ga rumfa sai ya zauna a ƙasa da buhun a cinyarsa, ya yi kuka har aka janye shi gefe.

Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abu ɗaya kawai ta ɗaga murya a kansa. Da baƙi suka yi yawa a rana ta biyu, mata suka kama wata jar kaza da ke yawo a tsakar gida za su sa a yanka. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce a sake ta. Aka ce mata baƙi ne daga Kano. Ta ce ko daga Makka suke, a sayo wata. Aka sake ta, kowa ya ce zafin rashi ne.

A rana ta uku shugabar ofishin asibitin nan ta zo, Bayarabiya ce dattijuwa, kowa na ce mata Madam. Ta gaishe da Inna, sannan ta neme ni, domin ta san ni da littafi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Pẹlẹ, ọmọ mi." Wato sannu, 'yata. Ta ci gaba da Yarabanci, tana cewa shekara da shekaru ba ta taɓa rasa barci a kan tsofaffin kwamfutocinsu ba. A cikinsu akwai sunan duk wanda ya taɓa zuwa asibitin, da abin da ya kawo shi, da sakamakon gwajin jininsa. Rabinsu mutanen Sabo ne, unguwarmu ta Hausawa, wasu suna zaune a tsakar gidan nan. Ta ce wasu ofisoshin guduma suke sa wa nasu don tsoro, su kuwa suna da Baba. Sai ta rage murya ta ce ba yanzu ba, in hankali ya kwanta, in kawo mata takardar da Baba ya saba ba su, wadda ke nuna an goge duka goma sha takwas. Ta ce sa hannuna ya isa.

Na ce to.

Washegari na karɓi makullin shago a wajen Umma, mahaifiyata, na je na ƙirga. Goma sha bakwai ne a kan kantar shagon. Ta goma sha huɗu ba ta nan.

Zan dawo kan wannan. Ina so in fara faɗin ko wane ne Kawu, domin wanda bai san shi ba zai ce kwamfuta ɗaya ce kawai.

A Sabo aka haife shi, a gidan goro. Kakanmu ya so ya gaji huhun goro, shi kuwa duk rediyon da ya shigo gidan sai ya kwance ta ya ga mai magana. Daga rediyo ya koma gyaran tafireta a ofisoshin cikin gari. Da tafireta ta mutu yana da furfura, bai koma gida ya zauna ba. Ya je wajen wani Bayarabe sa'an ɗansa ya koyi kwamfuta, yana ce masa oga ba tare da jin nauyi ba. Hausarsa ta Kano ce tsaf, Yarabancinsa na Ibadan ne har da karin muryarsu, in kuma ya fusata da direban tasi sai ya koma turancin kasuwa.

In an kawo masa kwamfuta aka ce ta mutu, yakan sa kunne a jikinta ya ce, "Ba ta mutu ba, ta gaji ne." Ya buɗe ta, ya fito da tsohon burushin fenti, ya share ƙurar fankarta a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Yakan ce kowace kwamfuta gida uku take yi. Gidan farko ofis, inda ake mata sanyi ana raina ta. Gida na biyu shagon mai buga takardu ko ɗakin ɗalibi, inda ake lulluɓe ta da zane ana yi mata addu'a. Gida na uku kwalayen da ke ƙarƙashin teburinsa, inda ake raba ta gaɓa-gaɓa don a rayar da 'yan uwanta. Duk wanda ya sayar wa, sai ya ce masa, "In ta ƙi tashi gaba ɗaya, kada ka jefa ta a kwata. Ka dawo mini da ita, ina da wurin da zan sa ta."

Ya tsani warin ƙonanniyar waya. Akwai masu ƙona wayoyi a bayan layi don su fitar da jan ƙarfen ciki, hayaƙin ya shiga ɗakunan mutane. Shi da reza yake fere nasa, ɗaya bayan ɗaya, yana sauraren labaran rana. Matattun batura kuwa a cikin wani ƙaramin duro mai murfi yake tara su, har masu karɓarsu su zo daga Legas. Wani lokaci sai su yi wata shida ba su zo ba, duron ya cika, ya nemi wani.

Na taɓa raka shi wani kamfani da ya kira shi ya kwashe duk kwamfutocinsa. Ya zagaya ya kunna kowace, ya saurara, sannan ya ce wa manajan, "Oga, waɗannan na gaban kanta, rasit kawai suke bugawa. Me za ku yi da sababbi a nan? A ƙara musu ram, wato ƙwaƙwalwa, a canza faifai, a share ƙura, za su yi muku wasu shekaru. Ku canza na masu zane kawai, sauran ku bi su a hankali." Muka fito da ƙasa da rabin abin da aka kira shi ya ɗauka. A hanya na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko bai ga ya rage wa kansa kaya ba. Ya ce, "Ai duk nan za su zo. Ina gaggawar me? Gara su zo mini da tsufansu, da a koro su da ƙuruciya."

Ba ya taɓa kunna kwamfutar ofis da faifanta a ciki alhali allon na kallonsa. In dole ne ya gwada, sai ya juya allon ya fuskanci bango. Na tambaye shi yadda zai san ta tashi. Ya ce kunne ya ishe shi. "Ɗakin mutane ne. Sun ba ni shara, ba su ce in buɗe akwatuna ba."

A kan wannan ne suka yi faɗa da ƙanensa, Kawu Ƙarami, mai sayar da albasa a Kasuwar Shasha. Wata rana Kawu ya tafi jana'iza, Kawu Ƙarami ya biyo ta shago, ya ga wata laftof mai kyau a kan tebur, ya ɗauka ya ce a gaya wa yayansa ya ara, yana so a riƙa rubuta masa shigowar motocin kaya. Babu koriyar sitika a jikinta. Da Kawu ya dawo ko rigar jana'iza bai cire ba, ya hau tasi har Shasha. Ya tarar an buɗe ta a kan buhun albasa, mutum uku sun kewaye ta suna neman yadda za su shiga. Ya rufe ta, ya sa a hammata.

Kawu Ƙarami ya ce, "Yaya, a gaban mutane? Ɓarawo ne ni?"

Kawu ya ce, "In kai ba ɓarawo ba ne, ni ne ke nan. Ni na yi musu alkawari."

"Wa zai sani? Ni ko boko ban iya ba."

"Ni na sani."

Azumi guda suka yi ba sa shan ruwa tare. Ranar jajibirin sallah Kawu ya aika masa da laftof ɗin nan, a goge, da sabon batir, da koriyar sitika har guda biyu don tsokana. Kawu Ƙarami ya aiko da buhun albasa ba tare da saƙo ba. Inna ta ce sai da suka ci albasa har a koko.

Akwai wata bazawara da ke da ɗan shagon buga takardu kusa da nasa, muna ce mata Iya. Kwamfutarta ta girmi wasu daga cikin 'ya'yanta. Duk lokacin da wani abu ya mutu a cikinta, Kawu zai duƙa ƙarƙashin teburinsa ya tono irinsa. Da tafiya ta yi tafiya babu abin da ya rage na asali sai akwatin. Iya takan ce wannan ba kwamfuta ba ce, gidan haya ce. Bai taɓa bari ta rufe shago na yini ɗaya saboda ita ba. Tawa ma da nake rubuta wannan a kanta, daga matattu huɗu ya haɗa mini ita da na samu shiga jami'a. Murfinta baƙi, ƙasanta toka-toka, madannai biyu farare ne a cikin baƙaƙe. A aji nakan ji kunyar fito da ita. Yanzu ba na barin kowa ya taɓa ta.

Abin da ya fi tsokanata a kai shi ne shiru. Mukan aika a sayo mana amala da rana. Wata rana na je da kaina, na ce miyar ewedu, mai abincin ta zuba mini miyar da ba na ci, na karɓa na dawo na zauna ina tsakura. Kawu ya dube ni ta saman tabarau.

"Sakatariya, wannan kika ce?"

Na girgiza kai.

"To me ya hana ki ce ba ita ba ce?"

Na ce tana da mutane da yawa.

Ya ce, "Idonki ya fi na kowa a gidanmu, bakinki ne ke buƙatar sabis. Duk ranar da kika buɗe shi kika ce wa babba ba haka ba ne, wallahi kaza zan yanka miki."

Ya sha maimaita wannan. Har ya zama in na yi shiru a inda ya kamata in yi magana, sai ya ce wa Iya ta taga, "Kazar ta ƙara kwana."

To wannan mutumin ne ya manna kore a kan abin da bai goge ba, ina zaune ina kallo.

Na fara da abin da na iya. Na ɗauki goma sha bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, na juya allon zuwa bango kamar yadda yake yi, na haɗa kowane faifai da na'urar dubawa wadda ke nuna ko akwai abu a ciki ba tare da ta nuna mene ne ba. Duka fayau. A aljihun tebur na samu guntayen takardun da yakan rubuta a ranakun da ba na nan, don in kwafe a littafi. Ta goma sha biyar zuwa ta goma sha takwas duk suna nan, Litinin zuwa Laraba. Rubutun ya karkace, da alama da hannun hagu ya yi. Kowace kuma ya goge ta sau biyu, abin da bai saba ba. Babu takarda ko ɗaya a kan ta goma sha huɗu. Babu ta gogewa, babu ta fita.

Kore na nufin tana iya fita. Kwana huɗu shagon ya yi a buɗe bayan Asabar ɗin. Ko waye ya shigo ya nuna ta, Kawu zai ba shi da zuciya ɗaya, in dai ya manta. Na riƙa ganinta a raina a ɗakin wani saurayi a Sabo, ya kunna, sunayen maƙwabtanmu sun cika allo. Wadda ta ɓoye ɓarin da ta yi. Wanda yake karɓar magani a asirce duk wata. In na wuce majalisa aka yi dariya, sai in ce sun gani ke nan. In abin ya fito, ba za a ce Sakatariya ta yi shiru ba. Za a ce ashe Baban nan na shago haka yake sayar da sirrin mutane. Shi kuma ba ya nan balle ya hau tasi ya je ya karɓo.

Kawu Ƙarami ya ce bayan sadakar arba'in za a kwashe shagon a mayar wa mai gida. Madam ta aiko sau ɗaya, cikin ladabi, tana tambayar takarda. Na zauna na buga ta a laftof ɗina. Na rubuta goma sha takwas. Na kai wa Iya ta fitar mini, na dawo na ɗora a kan teburin Kawu, na ɗauki alƙalami. Tabaransa na nan a inda ya ajiye. Na yayyaga takardar na zuba a jakata don kada in bar shara.

Sai da na yi mako biyu kafin in iya zuwa Shasha. Na tarar da Kawu Ƙarami ana sauke masa kaya. Na gaishe shi, na tambayi kasuwa, na tambayi iyali, na sake tambayar kasuwa.

Ya ce, "Ke, 'yar nan, ba albasa ta kawo ki ba. Faɗi."

Na ce ko ya san wanda ya ɗauki wata kwamfuta a shago kafin Kawu ya kwanta.

Ya cire hula ya mayar. "Wato ni kika fara tunawa."

Na sunkuyar da kai.

"Ba laifinki ba ne, ni na jawo. Amma tun ranar nan ko sukuru ban ƙara ɗauka a shagon Yaya ba. Ko kujera zan zauna sai na duba ko da kore a jikinta." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya juya ya yi kamar yana duba bakin buhu. Da zan tafi ya cika mini leda da albasa ya ce in kai wa Umma.

Na tambayi mai yankan tikitin Ojoo, na tambayi malamin Islamiyyar da Kawu yakan ba tsofaffin kwamfutoci, na tambayi makanikan. Kowace tambaya sai na yi kwana biyu ina shirya ta a baki. Babu wanda ya sani. Iya ce ta ƙarshe, domin kullum ina ganinta, kuma na ji kunyar ta san abin da na yi. Saura kwana uku arba'in na shiga shagonta na faɗa mata komai, tun daga wayar da ta suɓuce.

Ta daina bugawa. Ta ce, "Wace Asabar? Wadda ya rufe da wuri?"

Na ce ban san ya rufe da wuri ba.

"Kina fita ya rufe. Na gan shi da abu a naɗe cikin sallaya, ya rungume da hannun hagu. Na ce Baba, a kira okada? Ya ce a'a, gida zai je, ƙafa ta isa." Ta dube ni. "Wata guda kina zagaye Ibadan, ba ki tambayi matar gidan ba?"

Na ce tana takaba.

Iya ta ce, "Takaba ta hana ta fita ne, ba ta toshe mata kunne ba."

Gaskiya ce. Kullum ina shiga gaishe da Inna, in zauna a bakin ƙofa, in ce ya haƙuri, ta ce da godiya, in tashi. Ban ga yadda zan kawo maganar shago a ɗakin da rigunansa suke rataye ba. Kuma in na fara, dole in faɗa mata cewa na ga hannunsa ya saki kwana biyar kafin ya faɗi, ban gaya wa kowa ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na mutanen da bai taɓa sanin sunansu ba. Ina kewar ƙarar burushinsa. Ina kewar yadda yake cewa Sakatariya, yana jan ƙarshen kamar mai kiran wani babban ma'aikaci. Har yanzu in Asabar ta yi, ƙarfe tara na safe jikina yake shirin fita.

Da hantsi na shiga wajen Inna. Tana zaune a tabarma da carbi, jar kazar nan tana tono a bakin ƙofa da 'yan tsaki biyar a bayanta. Na gaishe ta. Na ce ya haƙuri. Ta ce da godiya. Wannan karon ban tashi ba.

Na ce, "Inna, Kawu ya yi kuskure a shago. Ya manna kore a kan wadda bai goge ba. Ina wurin, na gani, ban faɗa masa ba. Na ga hannunsa ma. Ina neman kwamfutar. An ce ya kawo ta gida."

Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Inna ta ɗago kai. Sannan ta ajiye carbin, ta miƙa hannu ƙarƙashin gado, ta jawo abu a naɗe cikin sallayar Kawu, ta turo shi gabana. Ta ce:

"Tun ranar take nan, ba wanda ya taɓa ta. Yana shigowa ya ce mini, na yi ɓarna yau, kuma Sakatariya ta gani, na ga alƙalaminta ya tsaya. Ya ce kansa ya fara yi masa wasa, wannan kam ba zai yarda da hannunsa a kanta ba, ke za ki goge, ke za ki sa hannu. Maganar hannun kuma ki sauke ta daga ranki. Ni na kai shi asibiti ranar Litinin da kaina, aka ba shi magani, yana sha har ranar da ya faɗi. Abu ɗaya ya roƙe ni, ya ce kada in ba ki sai kin buɗe baki kin ce ya yi kuskure. Na ce yarinyar nan za ta kai shekara. Ya ce a'a, Asabar mai zuwa za ta faɗa, na ga abin yana cin ta. Ranar Talata ya je ya sayo kazar can. Taki ce."